Ƙurar Reggane da iskar hunturu

 

Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, ana cikin hunturu, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Taswirar sojan Faransa da aka ɓoye fiye da shekara hamsin ta nuna ƙurarsa ta kai Nijar da Cadi, ta bazu a Afirka ta Yamma. Da suka tayar da na uku a Disamba, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. Ta yi daidai.

Wanda yake nesa da bam, ba wutar ce ke kashe shi ba, ƙurar ce. Tana sauka kamar hazon da muka saba sharewa a tsakar gida, ba ta wari, amma tana ɗauke da guba mai lalata jini.

To, idan Allah ya kawo ranar da aka sake tayar da irin wannan bam, me za a yi? Kada a kalli hasken. A shiga ɗaki, a toshe ƙofa da taga, a zauna aƙalla kwana guda. A nan soron ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin kwano nesa ba kusa ba, domin ƙasa na tare gubar. Kuma haƙuri na biya: bayan awa bakwai ƙarfinta kan ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma, bayan kwana biyu ɗaya cikin ɗari.

Wanda ƙura ta samu a waje, ya tuɓe rigar sama a bakin ƙofa, ya yi wanka da sabulu. A sha ruwan randar da ke rufe, a rufe rijiya, a dakata da ruwan dam ɗin Zobe na Dutsin-Ma.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne nono. Bayan haɗarin tashar Chernobyl a 1986, shanu sun ci ciyawar da ƙura ta zuba a kai, yara suka sha madarar, dubbai suka kamu da ciwon daji a maƙogwaro. Saboda haka iyaye mata, a killace dabbobi, a ba su harawar da ke cikin rumbu, a hana yara fura da nono har sai jami'an lafiya sun auna sun ce a sha.