Wace wuƙa ta fi riƙe kaifi?

Ɗan uwa mai karatu, in sallar layya ta matso, ka kan je rumfar maƙera ka zaɓi wuƙa. Ka taɓa bakinta da yatsa, ka ji kaifi, ka biya. Amma kaifin ranar saye bai gaya maka kome ba. Ko marfin gwangwani aka wasa, yana yanka. Tambayar ita ce: kaifin zai kai ƙarshen fiɗa? In ta ci karo da ƙashi, za ta ɓalle?

Amsar tana cikin ƙarfen. Ƙarfen wuƙa yana da ɗan abin gawayi a jikinsa, wanda masana ke kira karbon. Shi ke sa ƙarfe ya yi tauri in an gasa shi ya yi ja, aka tsoma a ruwa ko mai.

Ƙarfen gini yana da karbon giram 2 ko 3 a kilo ɗaya. Bai isa ba. Kome tsomawa ba ya tauri sosai. Wuƙarsa ba ta karyewa, amma kafin ka gama fiɗar rago ɗaya ka koma dutsen washi sau da yawa.

Tsohon magagari kuwa yana da giram 10 zuwa 12. Wuƙarsa tana daɗewa da kaifi, ta dace da aska da wuƙar dukanci. Sai dai gautsi gare ta. Ka sara ƙashi da ita, bakin ya yi giɓi, wani lokaci ta karye biyu. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, suna zaton tauri da juriya abu guda ne. Tangaran ya fi ƙwarya tauri, amma wa ya fi saurin fashewa in sun faɗi?

Tsakaninsu akwai resor na mota, wanda wasu ke ce wa sifirin. Karbon nasa wajen giram 6 ne. An yi shi don ya lanƙwasa ya dawo, shi ya sa maƙera ke sonsa don adda da wuƙar mahauta. A ganina, magidanci mai wuƙa ɗaya, wannan ya kamata ya nema.

Farar wuƙar kanti, inokis, an haɗa ta da kurom, aƙalla giram 105 a kilo, don kada ta yi tsatsa. Harry Brearley ya fito da irin wannan ƙarfe a Shafil ta Ingila a 1913. Akwai mai kyau, amma mai araha ta kan dakushe da wuri.

Hannun maƙeri ma yana da nasa. Bayan tsomawa, sai ya sake ɗumama wuƙar kaɗan har ta yi launin kara, don gautsi ya ragu. In ya tsallake wannan, ko resor ne sai ya tsage.

Kafin ka biya, ka ari magagari ka goga a bakin wuƙar. In ya ci ta da sauƙi, ƙarfen taushi gare shi. In ya zame ya ɗan kama kaɗan, an gasa ta daidai.