Giyar Hannu da Atomatik a Hanyoyin Jahun

Duk wanda zai sayi mota a Jahun sai ya ji shawara iri biyu. Direbobin haya masu bin hanyar Kiyawa zuwa Kafin Hausa da Haɗeja sukan rantse da giyar hannu, ma'aikata da matasa kuwa atomatik suke so. Kowa da hujjarsa, kuma hujjar tana cikin giyabos ɗin.

A motar giyar hannu, faifan kuloci ne ke haɗa inji da giya, ƙafar direba ke sarrafa shi. A atomatik kuwa, wadda kamfanin General Motors ya fara yaɗawa a motocin Oldsmobile na 1940, mai ne ke wannan aiki. Inji na juya wata fanka cikin rufaffen kasko cike da man giya, man ya bugi fanka ta biyu, ita kuma ta juya giyar. Famfo na matsa wannan man, bawul-bawul su tura shi ya danne ƙananan faya-fayen kuloci da ke ciki, giya ta canza da kanta. Man ne kuma ke sanyaya su.

Dukkansu suna sulɓewa, wato ka taka totur inji ya yi ta ruri, mota ba ta ja. A giyar hannu dalilin kusan guda ne: faifan kuloci ya cinye. Makanike zai sauke giya ya sa sabo a yini ɗaya. A atomatik dalilan sun fi yawa: mai ya ragu saboda yoyo, ko ya ƙone ya yi baƙi, ko matata ta toshe, ko an zuba wanda ba nata ba. Da matsin man ya yi rauni, faya-fayen ba sa kamawa sosai, sai su yi ta gogar juna, zafi ya ƙaru. Idan an bar ta haka, ƙarshenta sai an nemo wata giyar daga Ƙofar Ruwa a Kano.

Ƙasarmu tana tsananta wa atomatik ta fuska biyu. Da rani akwai zafi da rairayi. Mota ta kafe, direba ya yi ta jefa ta gaba da baya har man ya dahu. Da damina akwai ambaliya irin ta 2020 da 2022 a kwarin Kogin Haɗeja. Ruwa kan shiga giya ta ƙofar shan iska, ya mai da jan man ya yi fari-fari, ya ɓamɓare fatar faya-fayen. Giyar hannu ma ruwa na cutar da ita, amma sau da yawa sauya mai da wuri ya isa. Ga shi kuma idan batir ya mutu a hanyar Harbo, ana tura motar giyar hannu ta tashi. Atomatik ba ta tashi da turi.

Atomatik ta fi sauƙin tuƙi a cunkoso, kuma sabon direba ba zai ƙona mata kuloci da ƙafa ba. Mai bin kwalta, mai duba sandar awon mai yana sauya shi a kan lokaci, zai more ta. Mai ɗaukar buhunan shinkafa daga fadama kuwa, giyar hannu ta fi masa rufin asiri.