In Ka Kama Mutum A Zaribarka A Sabha, Kada Ka Ɗaga Sanda

Duk sa'ad da muka sauko gida daga Libiya, tambaya biyu ake tare mu da su a Maigatari ko Mai'aduwa: nawa rago yake a Sabha, kuma nawa ake kashewa a hanya? Ba mu taɓa jin wanda ya tambayi inda dabba take kwana bayan an sauke ta ba, alhali kuwa a nan ne uwar kuɗin mutum take salwanta, wani lokaci har da ransa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ba da labarin wani dare da aka hauro mana katanga, da gyaran da muka yi bayansa, ko wani ya amfana.

Ga wanda bai san wurin ba, Sabha ita ce babban birnin Fazzan, watau kudancin Libiya. Mai tasowa daga Agadas zai bi ta Dirku, Madama, Tummo da Gatrun kafin ya iso ta. Tsohuwar hanyar kakanni ce, tun zamanin da Murzuk take babban zangon ayari. Shanu ba su jure wannan rairayi, don haka raƙuma da raguna ne kayanmu a can. In an sauke su, akan kama hayar fili mai katanga a bakin gari ko cikin gonaki, wanda mutanen can suke ce wa zariba. Nan ne gidanka, nan ne shagonka, nan ne kuma bankinka har ka sayar.

Halin garin

Tun da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011 makamai suka bazu a hannun jama'a, kuma Sabha gari ne na kabilu: Aulad Sulaiman, Tubawa, Gaddafa, Buzaye da sauransu. Kowane saurayi da ka gani a titi akwai dangi a bayansa, kuma jininsa ba ya zuba a banza. A watan Maris na 2012 faɗa tsakanin Tubawa da Larabawan garin ya ci sama da mutum 140 cikin mako guda. A watan Nuwamba na 2016 kuwa, biri ne na wani mai shago ya fizge ɗankwalin wata 'yar makaranta, aka yi kwanaki ana ɓarin wuta da manyan bindigogi tsakanin Aulad Sulaiman da Gaddafa, aka rasa rai aƙalla 16. Sojojin Halifa Haftar sun shiga garin a Janairun 2019, abubuwa sun ɗan lafa, amma dangantaka tana nan yadda take. To, garin da biri ya ta da yaƙi, ina ga baƙon da ya fasa kan ɗan gari a kan rago?

Daren da abin ya faru

Ana saura kwana 9 Babbar Salla ta 2021, muna da raguna 140 da raƙuma 11 a wata zariba da muka kama haya a kudancin gari. Zafi ake yi na fitar hankali, kuma an ɗauke wuta tun magariba. Kwana biyu kafin nan mun ƙirga mun ga babu rago ɗaya, muka ɗauka kuskuren lissafi ne. Wajen ƙarfe biyu na dare sai muka ji raguna sun watse gefe guda, irin watsewar da duk mai dabba ya san ba ta banza ba ce. Yaranmu uku suka haska tocila, sai ga saurayi ɗan kimanin shekara 19 riƙe da ƙahon rago, yana jan sa wajen kusurwar katanga. Ya saki ya yi tsalle, ƙafarsa ta zame, suka danne shi.

Babban yaronmu ya riga ya ɗauko gora. Ya ce, "Baba, bari mu koya masa hankali, yau dai ranar mai kaya ce." Muka ce, "Ajiye. Duk wanda ya taɓa shi, gobe ya hau motar Agadas." Gaskiya mu ma zuciya tana tafasa, domin mun tuna ragon shekaranjiya. Amma mun lura da abu biyu: Larabcinsa na 'yan gari ne, kuma yana magana kamar wanda ya sha ƙwaya. Muka laluba jikinsa, babu makami sai wayar hannu da igiya. Muka zaunar da shi a tabarma a tsakiyar fili, ba mu ɗaure shi ba, ba mu kulle shi a ɗaki ba, muka ba shi ruwa, yara suka zauna kewaye da shi. Sa'an nan muka buga wa mai zaribar waya.

Kafin asuba mai zaribar ya iso tare da muktarin mahalla, watau mai unguwarsu. Kallo ɗaya suka yi masa suka gane ɗan wane ne. Gidansu bai kai tafiyar minti goma daga wurinmu ba. Aka kira mahaifinsa. Abu na farko da dattijon ya yi shi ne ya ɗaga rigar ɗansa ya duba bayansa da kansa. Da ya ga ko ƙwarzane babu, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya Hajj, ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka." Yaron ya amsa cewa shi ya ɗauki ragon farko. Uban ya biya kuɗinsa a gaban shaidu, aka rubuta, kowa ya sa hannu. Da za su tafi, mai zaribar ya ja mu gefe ya ce da an ga jini a jikin yaron nan, shi kansa ba zai iya tsare mu ba, kuma ba za mu kwana da ko tunkiya ɗaya ba.

Abin da malamai suka koya mana

Kada wani ya ce tsoro ne kawai. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu a Suratun Nur cewa ba a shiga gidan wani sai da izini da sallama, saboda haka wanda ya hauro katanga ya yi laifi, babu ja. Musulunci kuma bai hana mutum kare dukiyarsa ba. Amma hadisin da Imam Nasa'i ya ruwaito, na mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) yadda zai yi da mai son ƙwace masa dukiya, ya jera abin daki-daki: a fara tuna masa Allah, sa'an nan a nemi taimakon Musulmin da ke kusa, sa'an nan hukuma, faɗa shi ne na ƙarshe. Wanda kuwa aka riga aka danne, ya daina kai hari, dukansa ba kariya ba ne, ramuwa ce, hukunci kuma na alƙali ne.

Akwai wani abu a Risala ta Ibn Abi Zaid da ya shafe mu kai tsaye. Haddin sata ba ya hawa kan wanda ya ɗauki tunkiya a wurin kiwo, sai in daga makwancinta ya ɗauke ta. Ke nan shari'a ma tana duba ko mai kaya ya killace kayansa. Wannan ya sa da gari ya waye muka bar zancen ɓarawo, muka koma binciken kanmu.

Inda bango ya tsage

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar mu muka yi ta da hannunmu. Yaranmu sun yi wata guda suna watsa taki ta bayan katanga a wannan kusurwa, har ya zama tudu. Ta ciki kuma a daidai nan muka jera buhunan sha'ir da damman ciyawa. Watau mun gina wa ɓarawo matakala ta waje, mun gina masa ta ciki. A ranar aka kwashe takin, aka mai da abinci tsakiyar fili, aka bar taku uku tsakanin katanga da kowane kaya. Muka raba kuɗi da mai zaribar aka ƙara layi biyu na bulo, aka ja waya mai ƙaya a kai.

Sai makulli. Da muka bincika, mutum biyar ne suke da makullin ƙofa, har da mai tankar ruwa da wani da ya bar aiki tun azumi. Muka sayi sabon kwaɗo, makulli biyu tak. Duk sa'ad da yaro ya bar aiki, ko ka karɓi zariba daga hannun wani, sake kwaɗo. Kuɗinsa bai kai na ƙafar rago ba.

Sai haske. Wutar Sabha ba abin dogaro ba ce, musamman da zafi, mai kuma yakan yi wuya a kudu, don haka janareta ba ya raba gardama. Fitilun sola huɗu muka kafa, kowace kusurwa ɗaya, suna haska katanga, makwancin masu gadi kuwa yana cikin duhu, don su ga mai shigowa shi bai gan su ba. Muka samo kare, tunda hadisi ya yi rangwame ga karen tsaron dabbobi, muka rataya ƙararrawa a wuyan manyan raguna uku. Gadi kuma muka raba shi biyu, domin mutum ɗaya da ya wuni yana ɗora ruwa ba zai kai asuba ido biyu ba.

Sai ƙirga da shaida. Da mun ɗauki ɓatan ragon farko da muhimmanci, da ba a dawo ba. Ɓarawo yakan gwada da ɗaya ne ya ga ko za a lura. Yanzu safe da yamma ake ƙirgawa a rubuta a littafi. Kowace dabba tana da fentinmu, raƙuma kuwa mun ɗauki hoton shaidar wutar da ke jikinsu da waya, tare da takardar saye. In ka je caji ofis ko gaban dattawa babu wannan, maganarka da ta ɗan gari ba za su yi nauyi ɗaya ba.

Sai baki. Kada kuɗi su kwana a zariba, kada kuma a san ranar da za ka karɓi ciniki ko ranar tashinka. A biya yara haƙƙinsu kan lokaci, domin yaron da ke bin ka albashin wata uku ƙofa ce a buɗe. Bindiga kuwa, ko an yi maka tayinta da araha, ka bar ta. Baƙo da bindiga ya ba kowane mai kaki dalilin kwashe shi da dukiyarsa.

Wanda ba sata ta kawo shi ba

Ba duk mai hauro katanga ne ɓarawo ba. Kowa ya ji labarin gidajen bashi, inda ake tsare 'yan ci-rani har danginsu su aiko da kuɗi. A 2017 hukumar IOM mai kula da ƙaura ta ba da rahoton ana sayar da mutane a Sabha. Mun taɓa samun wani yaro da asuba a cikin ciyawa, ƙafafunsa duk ciwo, ya ce, "Baba, don girman Allah kada ka mai da ni." Ba mu mai da shi ba, ba mu kuma ɓoye shi a zariba ba, domin masu nemansa ba da sanda suke yawo ba, kuma akwai rayukan yaranmu. Muka ba shi abinci da riga, kafin hantsi muka damƙa shi ga shugabannin 'yan ƙasarsu da ke garin, waɗanda suka san hanyar ƙaramin ofishin jakadanci da ta masu mayar da mutane gida. Duk falke ya riƙe lambar irin waɗannan shugabanni tun ranar da ya sauka.

In mu ne muka shiga gonar wani

A tuna kuma dabbarmu ma takan zama mai kutse. Zaribu da yawa suna maƙwabtaka da gonakin dabino da na ciyawa. Hukuncin da ya zo a Muwaɗɗa kan taguwar Bara'u ɗan Azib sananne ne: tsaron gona da rana na mai gona ne, ɓarnar dare kuwa tana kan mai dabba. In raƙuminka ya ɓalle ya yi ɓarna, riga mai gonar zuwa, ka ba da haƙuri ka biya. Maƙwabcin da ka biya yau shi zai buga maka waya gobe in ya ga baƙuwar mota tana zagaya katangarka.

Wannan shi ne babban abin da muka koya. Bulo da kwaɗo da fitila duk suna da amfani, amma abin da ya fitar da mu a daren nan shi ne muna da wanda za mu kira ƙarfe biyu na dare ya taso. Da ɗan gari akan ci gari. Kafin ka sauke dabba, san mai zaribarka da danginsa, je ka gai da muktari, yi salla a masallacin unguwa, in Salla ta zo ka aika wa maƙwabta nama. Dattijon nan da ɗansa ya hauro mana, a wurinmu ya sayi ragon layyarsa a shekarar da ta biyo.

Muna roƙon shugabannin ƙungiya su tattara lambobin amintattun masu masauki na Agadas, Dirku, Gatrun da Sabha, a riƙa ba duk wanda zai hau hanya. Wanda kuma ya taɓa gamuwa da irin wannan a Kufra ko wani zango, ya rubuto a buga, mu ma mu ƙaru. Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya kai kowa gida lafiya, amin.