Sabuwar kamera na tafe: ya kamata mai ɗaukar bidiyo a Gure ya jira ta?

Sau biyu a shekara ne raɗe-raɗin sababbin kamerori ke yin ƙarfi: gab da baje kolin NAB da ake yi a Las Vegas ta Amurka cikin watan Afrilu, da kuma na IBC da ake yi a Amsterdam cikin Satumba. Maganar kan fara daga Japan ko Turai, amma cikin ƴan kwanaki ta iso wayoyin matasan da ke ɗaukar bidiyon bikin aure da suna da kokawa a garin Gure na jihar Damagaram. Wanda ya shekara biyu yana tara kuɗi sai ya shiga ruɗani: ya je Kano ya sayo wadda ya daɗe yana so, ko ya dakata kar ya saya yau gobe ta zama tsohuwar yayi?

A Satumban 2025 Canon ya fito da C50, Nikon kuma ya fito da ZR, wadda ita ce ta farko da ya haɗa da fasahar kamfanin RED na Amurka da ya saye a 2024. Daga nan hankali ya koma kan Sony, ana ta hasashen da me zai mayar da martani, tunda kamerarsa FX3 ta fito tun Fabrairun 2021. Mai son ya auna irin wannan hasashe sai ya fara sanin yadda kamfanonin ke jera kayansu hawa-hawa, domin ba da ka suke yi ba.

A duba jerin Sony. FX30 ta fito a 2022 kan dalar Amurka kusan 1,800, wato wajen miliyan ɗaya na sefa kafin a yi maganar sufuri da duwan. FX3 ta fito kan kusan 3,900, FX6 kan kusan 6,000, sai Burano da ta zo a 2023 kan 25,000. Mai kallo daga nesa zai ɗauka kyawun hoto ne ke hawa tare da kuɗin. Sau da yawa ba haka ba ne. Sansa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kamera, kusan iri ɗaya ne a FX3 da FX6. Abin da mai FX6 ya biya ƙarin kuɗi a kansa shi ne gilashin rage hasken rana da aka gina a ciki, da kafar SDI da gidajen talabijin ke jona wayoyinsu, da jikin da aka ƙera don aikin yini guda. Hoton FX3 kuwa ya isa har a sinima: da ita aka ɗauki mafi yawan fim ɗin The Creator da ya fito a 2023.

Canon ma haka yake yi. C400 da C80 duka sun fito a 2024 da sansa iri ɗaya, amma ta farko kusan dala 8,000, ta biyu kusan 5,500. An rage wa ƙaramar saurin ɗauka, an ba ta katin SD maimakon kati mai sauri, shi ke nan an samu hawa biyu daga tushe ɗaya.

Wani lokaci ma ba a cire komai daga jikin kamerar ba, kulle ƙofa kawai aka yi a cikin manhaja. A 2014 aka gano cewa Sony F5 na iya ɗaukar 4K a cikinta kamar yayarta F55 mai tsada, idan aka gyara layi ɗaya a wani ƙaramin fayil na saitinta. Daga baya Sony ya riƙa sayar da wannan izini da kuɗi. Shekara guda kafin nan, wasu masu sha'awar fasaha da ke kiran aikinsu Magic Lantern sun sa Canon 5D Mark III ta ɗauki ɗanyen bidiyo, wanda ake kira RAW, abin da kamfanin bai ba ta ba. Akwai kuma shingen da ba na kamfani ba: shekara da shekaru kamerorin hoto na tsayawa da kansu a minti 29 da daƙiƙa 59, saboda Tarayyar Turai na ɗora wa duk wadda ta kai minti 30 harajin kamerar bidiyo. An janye harajin a 2019, amma tsofaffin kamerorin na nan a kasuwar kayan hannu, kuma duk mai ɗaukar wa'azi ko taron siyasa da irinsu ya san yadda suke yanke magana a tsakiya.

Daga nan ake iya tace raɗe-raɗi. Idan aka ce ƙaramar kamera za ta zo da duk abin da babbar ke taƙama da shi, kuma a rabin kuɗi, to da wuya, domin babu ɗan kasuwar da ke kashe cinikin rumfarsa ta gaba da hannunsa. Abin da ke tilasta wa kamfani ya buɗe ƙofar da ya kulle shi ne abokin gasa. Nikon ba shi da manyan kamerorin sinima masu sunansa da zai kare, shi ya sa ya iya saka ɗanyen bidiyo irin na RED a cikin ZR kan dala kusan 2,200. Haka kuma a 2022 Canon ya ƙara wa C70 ɗaukar RAW kyauta ta hanyar sabunta manhaja, ga waɗanda suka riga suka saya.

To amma wane hawa ne ke da amfani a Gure? Yawancin waɗannan kamerori an rubuta a takardarsu cewa suna aiki ne tsakanin maki 0 zuwa 40 na zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Gure na wuce hakan da rana, kuma ba a ɗage ɗaurin aure don kamera ta huce. Canon R5 ta 2020 ta yi suna wajen ɗaukar zafi ta tsaya idan ana ɗaukar 8K, har kamfanin ya fito da R5 C mai fanka a 2022. Saboda haka fanka a cikin kamera, wadda masu tallar ba su cika ambata ba, ta fi yawan K muhimmanci a nan. FX30 na da ita kamar yadda FX3 ke da ita.

Sai ƙura. Gari ne da tuddan rairayi suka kewaye, kuma a lokacin hunturu duk sanda aka cire gilashin gaba don a sauya wani, ƙura na sauka kan sansa ta bar ɗigo a kowane hoto. Mai gyara kuwa sai Damagaram, tafiyar fiye da kilomita 150, ko ma Kano. Wannan ne ya sa kamerar da gilashinta ke manne da jikinta, irin ta ƴan jarida, ba abin rainawa ba ce duk da ba ta cikin yayi: tana zuwa da zuƙo nesa, da gilashin rage haske, da kafar makirfo mai kyau. A nan ma akwai hawa. Sony NX800 da Z200 na 2024 kusan tagwaye ne, babban bambancinsu kafar SDI da wasu abubuwan da gidan talabijin ke buƙata. Wanda ba ya aiki da Télé Sahel ko wata tasha, babu dalilin da zai biya kuɗin wannan kafa.

Inda babban sansa ke nuna kansa da gaske shi ne da dare, wajen kamu ko kiɗan biki a unguwar da wuta ta ɗauke. A nan FX3 ta fi FX30, babu gardama. Sai dai tazarar kuɗin da ke tsakaninsu ta haura miliyan ɗaya, alhali fitilar LED biyu masu batir ba su kai kusa da haka ba.

Akwai kuma lissafin bayan ɗauka. Bidiyon 4K a mizanin megabit 100 cikin daƙiƙa na cin giga 45 a sa'a ɗaya. Biki guda na iya cika kati da dama, ga kwamfutar da za ta iya tace shi, ga wutar da za ta riƙe ta. Bayan duk wannan, dangin amarya a WhatsApp za su karɓi bidiyon, shi kuma yana matse shi ya rage masa inganci. Ƙungiyoyin da ke ayyukan kafe tuddan rairayi a yankin, idan suka ba da aikin ɗauka, muryar manomi da ta fita tas duk da iska na iya fi musu amfani a kan hoto mai 6K.

Fitowar sabuwar kamera na da riba ɗaya da ke isowa Gure tabbas, ko da a makare. Masu ɗauka a Turai da Dubai da Legas kan sayar da tsofaffinsu don su sayi sabuwa, farashin na hannu ya sauka, bayan wasu watanni kayan su bayyana a shagunan Kano. Wanda kamerarsa ke aiki yanzu zai iya jiran wannan saukar. Wanda kuwa ake kira aiki yana mayarwa saboda babu kayan yi, kowane bikin da ya wuce shi kuɗi ne da ba za su dawo ba, kuma ragin da zai samu nan da wata takwas ba lalle ya cike gurbinsu ba.