Ƙarancin Jini Bayan Fiɗa: Sauran Aiki Ga Mai Ciwon Dajin Hanji

Duk ran da aka fito da mai ciwon dajin hanji daga ɗakin fiɗa a Asibitin Ƙasa na Abuja, wanda ya fara aiki a 1999, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, dangi sukan yi hamdala, suna ganin wahala ta ƙare tunda an cire ƙarin. Amma sau da yawa akwai sauran rina a kaba, watau ƙarancin jini, wanda yakan bi majinyaci har gida.

Tun kafin a kai ga wuƙar likita abin yake somawa. Ƙarin da ya fito a babban hanji, musamman ta ɓangaren dama, yakan yi wata da watanni yana tsattsafar da jini kaɗan-kaɗan a cikin bayan gida, ido bai gani ba. In kuma an gani, sai a ce basir ne ko atini, a dinga shan jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure. Ga awon Hukumar Lafiya ta Duniya, namijin da himogulobin ɗinsa ya gaza giram 13 a desilita, ko macen da ba ta da ciki da nata ya gaza 12, to, jininsu ya yi ƙasa. Da yawa a haka suke shiga ɗakin fiɗa, aikin kuma ya ƙara kwashe wani.

Mai karatu yana iya cewa ai sai a ba shi ƙwayoyin ƙarin jini, a haɗa masa da lemon malt da madara kamar yadda aka saba. Sai dai a farkon shekarun 2000 masana sun gano wani sinadari da hanta take fitarwa, mai suna hefsidin, wanda yakan yawaita in jiki ya kumbura saboda ciwon daji ko raunin fiɗa. Aikinsa shi ne ya tare sinadarin ƙarfe, wanda da shi ake gina jini, ya hana shi wucewa daga hanji. Saboda haka ƙwaya ba ta cika amfani a makonnin farko ba, shi ya sa likitoci sukan gwammace su ɗura ƙarfen ta jijiya. Har ila yau, in an yanke ƙarshen ƙaramin hanji, inda jiki yake tsotsar bitamin B12, wajibi ne a riƙa auna shi.

Illar ba kasala da jiri da haki kaɗai ba ce. Wanda ciwonsa ya kai ga ƙulluwan da ke gefen hanji yana bukatar allurar kashe daji, kuma an fi so a fara ta kafin mako 8 ya cika bayan fiɗa. In jini bai hau ba, tilas a ɗaga, jinkirin kuwa yana rage amfanin maganin.

Ƙarin jini na leda yana ceton rai in abin ya tsananta, amma samunsa sai an sha fama. Ko da yake an sa hannu a dokar kafa Hukumar Jini ta Ƙasa a 2021, mai hedkwata a Abuja, yawanci dangi ake cewa su kawo wanda zai bayar a madadin wanda aka ɗauka. Bugu da ƙari, asusun tallafa wa masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta buɗe a 2021 da dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza ya fara, ban da na hanji.

Don haka muna jan hankalin masu jinya su tambayi likita awon jini da na ƙarfe tun ran da aka sa ranar aiki, su sake tambaya ran sallama, kada kuma su tsallake ranar komawa asibiti. A gida a yawaita hanta da nama da wake da zogale, a bi da lemon zaƙi, a jinkirta shayi bayan abinci don yana hana ƙarfe shiga jiki. Masu lafiya kuma su daure su ba da jini tun ba a roƙe su ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.