Saksofon: Me Ya Sa Kowane Iri Yake da Muryarsa?

Idan ka taɓa kallon faretin sojoji ko na 'yan sanda, wataƙila ka ga wani abin busa mai ƙyalli da ya lanƙwashe kamar lauje. Sunansa saksofon. Wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Sax ne ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a birnin Paris a shekarar 1846.

Da tagulla ake ƙera jikinsa, amma sautin daga wani ɗan siririn kara yake fitowa, wanda ake ɗaurawa a wurin sa baki. In aka hura iska sai karan ya yi rawa. Algaitarmu ma haka take, sai dai ita harshe biyu gare ta, shi kuwa ɗaya.

Iri huɗu aka fi sani. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon tsawon bututun, gwargwadon kaurin muryar. Soprano shi ne ƙaraminsu, yawanci miƙaƙƙe ne, muryarsa siririya. Ba shi da nauyi, amma yana da wuyar sha'ani: kuskure kaɗan a leɓe sai sautin ya karkace. Alto ne aka fi ba wa ɗan koyo, don nauyinsa bai wuce kilo biyu da wani abu ba, yatsun yaro suna kai wa maɓallansa, kuma ba ya cin numfashi sosai. Tenor ya fi alto girma da amo, yana kuma neman iska mai yawa. Fela Kuti ya busa shi. Baritone kuwa ya kai kilo biyar, dole a rataya shi da madauri mai ƙwari.

Shin ƙarfen jikin ne ke sa daɗin murya? Mabusa suna musu a kan haka. A shekarar 1953, gwanin kiɗan jazz na Amurka, Charlie Parker, ya busa alto na roba, ƙirar Grafton, a birnin Toronto na Kanada, kuma har yau ana yaba wannan wasan. Abin da ya fi tasiri shi ne wurin sa baki da karan. Idan cikin wurin sa bakin yana da faɗi, murya takan fito da laushi. Idan matsattse ne, sai ta fito da kaifi. Shi ma karan lamba gare shi, daga 1 zuwa 5. Ɗan koyon da ya fara da mai tauri zai gaji da wuri, har ya ɗauka ba shi da baiwa. Lamba 2 ko ƙasa da haka ta ishe shi.

Idan makarantarku tana da ƙungiyar kiɗa, nemi alto ka fara. Ka jiƙa karan kafin busa, musamman lokacin hunturu. Ka kuma duba fatun da ke ƙarƙashin maɓallai, don in ɗaya tana yoyon iska, ko gwani sai ya sha wahala.