Kisan Nairobi a La Casa de Papel: me ya sa ya fi sauran ciwo?

A ranar 3 ga Afrilun 2020 ne Netflix ya saki kashi na huɗu na La Casa de Papel. Lokacin Yamai na cikin dokar hana fitar dare saboda korona, makarantu a rufe, fadodi na watsewa da wuri, don haka matasa da yawa a waya suka kalle shi, wasu ta intanet, wasu kuma aboki ne ya tura musu. Duk wanda ya kai fitowa ta shida ya san abin da ya faru. Gandia, shugaban masu gadin Babban Bankin Sifaniya, ya saki Nairobi kamar zai bar ta ta tafi, sai ya ɗirka mata harsashi a goshi a gaban abokanta. (Wanda bai kalla ba tukuna ya yi haƙuri, labarin ya daɗe da fita.)

Ba ita ce ta fara mutuwa a cikin ƙungiyar ba. Oslo ya riga ta, haka Mosko, haka Berlin. Amma har yau idan hirar fim ɗin ta taso a fada, ko a zauren WhatsApp na 'yan ci-rani, sunanta ake fara ambata, kuma da fushi ake ambatarsa.

Abin mamaki, Nairobi ba ta cikin rubutun farko na labarin. Álex Pina, wanda ya ƙirƙiri shirin da ya fara fita a tashar Antena 3 a 2017, ya ƙara ta ne saboda jaruma Alba Flores, wadda suka yi aiki tare a Vis a Vis. Ba ita ke ba da labari ba, wannan aikin Tokyo ne, ba kuma ita ke tsara fashin ba, wannan na Farfesa ne. Ita aikinta kula da buga takardun kuɗi a fashin farko, da narka zinariya a na biyu. Sai dai ita ce mai raha, ita ke tsawatarwa idan mazan suka fara hauka, kuma ita ce uwar da aka raba da ɗanta Axel. A cikin taron ɓarayi, ita ce wadda mai kallo zai yarda ya ba ta ajiya.

A ganina babban abin da ya sa mutuwarta ta yi ɗaci shi ne sau biyu aka kashe ta. A ƙarshen kashi na uku, a Yulin 2019, sufeto Alicia Sierra ta yaudare ta da 'yar tsanar ɗanta har ta matso taga, maharbi ya same ta. Wata tara masu kallo suka yi suna jiran sanin ko ta rayu. Da kashi na huɗu ya zo, abokanta suka yi mata tiyata a cikin bankin, ta tashi. Soyayya ta ƙullu tsakaninta da Bogota. Ta roƙi Farfesa ya taimaka mata ta sake samun haihuwa, ya amince. Marubutan sun cika mata hannu da gobe, sannan suka ƙwace. Wasu na ganin gwaninta ce. Ni ina ganin akwai wasa da hankalin mai kallo a ciki, don ceton da aka yi mata bai canza komai a labarin ba face ƙara wa bugun na biyu zafi.

Inda suka yi daidai shi ne abin da ya biyo baya. Ba su wuce gawar da gudu ba. An sa ta a akwati, an fito da ita ta ƙofar bankin a gaban 'yan sanda da dubban magoya baya, harbe-harbe suka tsaya na ɗan lokaci. Da aka kai ƙarshen kashin, sunanta ƙungiyar ke kira. Bogota bai koma yadda yake ba har shirin ya ƙare. Mai kallo ya samu wurin zaman makoki, kuma ya ga cewa waɗanda ke cikin labarin ma sun yi rashi irin nasa.

Inda suka gaza shi ne hisabi. Palermo ne ya koya wa Gandia yadda zai zare hannunsa daga ankwa, saboda jin haushin an ƙwace masa shugabanci. Ke nan da hannunsa a jinin Nairobi. Amma ya ci gaba da zama cikin ƙungiyar, har ya fita da rai a ƙarshe. Shi kuwa Gandia sai a Satumbar 2021, wata goma sha bakwai bayan nan, ya gamu da ajalinsa, lokacin da Tokyo ta tayar da gurneti ta tafi tare da shi. Sannan ga ɗabi'ar shirin ta dawo da matattu ta hanyar tuna baya. An yi wa Nairobi haka, an yi wa Berlin fiye da kima, har aka ba shi nasa shirin a Disambar 2023. Idan mamaci na dawowa kowane mako, mai kallo kan daina jin tsoron mutuwa a labarin.

Masu bin finafinan Turkiyya sun ga wata hanyar dabam. Bamsi, mai takubba biyu, wanda Nurettin Sönmez ya fito a matsayinsa, yana tare da masu kallo tun farkon Diriliş: Ertuğrul a Disambar 2014, ya ƙetaro zuwa Kuruluş: Osman da furfura. A 2021 aka kashe shi, a zango na biyu, bayan shi kansa Ertugrul ya rasu a wannan zangon. An yi kuka, amma ba irin fushin Nairobi ba. Ya rayu, ya tsufa, ya yi wa uba hidima ya yi wa ɗa, babu abin da ya rage masa a labarin.

A finafinan Hausa matsalar kan zo ta wata ƙofa. Sau da yawa ba marubuci ke yanke hukunci ba, jarumi ne ke barin aiki ana tsakiyar labari, sai a rasa yadda za a yi: a kashe shi, a ce ya yi tafiya, ko a kawo wani. Da Nafisat Abdullahi ta bar Labarina na Aminu Saira, ba a kashe Sumayya ba, Fati Washa aka ba matsayin, kuma an daɗe ana muhawara a kai daga Kano har Maraɗi. Amma idan har aka zaɓi kisan, marubutanmu na da abin da su Álex Pina sai da suka ƙirƙira da akwati da tsagaita wuta. Muna da jana'iza, da zaman gaisuwa a ƙofar gida, da sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in, da takaba ta wata huɗu da kwana goma, ga rabon gado da ke tono abin da 'yan uwa suka ɓoye. Wannan kaɗai ya isa fitowa biyar. Duk da haka sau nawa muka ga an sanar da rasuwar mutum ta waya, mata sun yi salati na minti ɗaya, fitowa ta gaba kuma an koma shirin biki?